An ɗauke wa yaro da mai taɓin hankali alƙalami, to nauyin ya koma kan wa?

Duk inda aka yi ɓarna a unguwa aka kama wanda ya yi ta, maganganu biyu ne ke saurin sanyaya jikin masu fushi. Ko wani dattijo ya ce, "Ku ƙyale shi, wanga ai yaro na," ko wanda ya san gidansu ya ce, "Bawan Allah ga ba ya cikin hankalinai." Sai a saki wuyan riga, kowa ya kama gabansa. Maganganun nan suna da tushe a addini, suna da shi a dokar ƙasa. Sai dai yawancinmu rabin hukuncin muka riƙe. Mun san ba a hukunta yaro da mai taɓin hankali yadda ake hukunta baligi mai hankali, amma ba mu cika tambayar wanda aka aza wa nauyin da aka sauke musu ba. Babu kuwa dokar da ta ce nauyin ya ɓace, ta Musulunci ce ko wadda muka gada daga Turawa.

Asalin maganar a wajenmu hadisin nan ne da ko ɗan makarantar zaure ya haddace, cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Abu Dawuda da wasu malaman hadisi sun ruwaito shi. Da shi Sayyidina Ali ya tunatar da Sayyidina Umar ranar da aka zo da wata mata mai taɓin hankali za a tsayar mata da haddi, aka sallame ta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an kawo cewa Marwanu ɗan Hakamu ya rubuta wa Mu'awiya a kan wani mahaukaci da ya kashe mutum, amsa ta dawo cewa babu ƙisasi a kan mahaukaci.

Malaman Malikiyya, waɗanda da littattafansu alƙalanmu ke hukunci tun zamanin Shehu har gobe, sun raba abu biyu da mu muke cakuɗawa. Akwai uƙuba, wato hukunta mai laifi, ita sai da hankali da niyya. Akwai kuma biyan abin da aka ɓata, shi ba ruwansa da hankalin wanda ya ɓata. A ce yaro ɗan shekara 9 yana wasa da ashana ya cinna wa rudun albasar wani wuta a fadamar Wurno. Ba a yi masa hukuncin manya, amma albasar mutumin ba ta tafi a banza ba. Ana biya daga dukiyar yaron in yana da ita, ko gado ne ya ci ko 'yar tunkiyar da kakarsa ta ba shi. In ba shi da komai, bashi ne a wuyansa har ranar da ya samu. Uban ba ya zama mai biya don kawai shi ya haife shi, sai in da hannunsa a ciki, ko da yake a aikace iyaye kan biya don a zauna lafiya da maƙwabta. Akwai togaciya guda mai ma'ana. Wanda ya ɗauki kayansa da hannunsa ya danƙa wa yaro, kamar mai babur da ya ba ɗan shekara 12 ya je kabu-kabu, in yaron ya ragargaza shi, shi ya jawo wa kansa.

In abin ya kai ga jini, gangancin yaro da na mahaukaci kuskure ake lissafa shi. Babu ƙisasi, amma akwai diyya, kuma idan ta kai sulusin cikakkiyar diyya ba daga aljihunsa take fita ba, danginsa na wajen uba ke haɗa ta. Dangin da suka san su za su biya ba za su zuba ido ɗan'uwansu mara lafiya yana yawo da wuƙa a kasuwa ba. Hatta zakka ba ta faɗuwa daga dukiyar maraya ko ta mahaukaci a mazhabarmu, waliyyinsa ke fitarwa, saɓanin yadda Hanafiyya suka tafi.

Da an bar zaure an shiga kotu, tambayar farko ita ce wane ne yaro, a nan kuwa lissafi ke rikicewa. Finalkod, wato kundin hukunta laifuka da jihohin Arewa suka gada, ya fara aiki a 1960, bayan gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. An ɗauko samfurinsa daga Sudan, ita kuma daga kundin Indiya na 1860. Jihohi sun yi ta yi masa kwaskwarima tun daga lokacin, don haka lambobin sassan da zan ambata na kundin asali ne. Sashe na 50 ya ce duk abin da yaro ya aikata kafin ya kai shekara 7 ba laifi ba ne, ko mene ne. Daga 7 zuwa ƙasa da 12 sai an duba ko wayonsa ya kai ya gane abin da ya yi da abin da zai biyo baya. Daga 12 zuwa sama ana iya tuhumarsa.

Amma wannan kundin ne kuma ya ce amincewar wanda bai kai shekara 14 ba ba amincewa ba ce. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro shi ne duk wanda bai cika 18 ba, kuma ba a bi da shi ta hanyar shari'ar manya sai ta kotun iyali. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta hana gwamna ba wanda bai kai 21 ba takardar mallakar fili, sai ta hannun waliyyi ko ta gado. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da haƙƙin yara, a 2019, ya nemi ƙasashe kada su tuhumi wanda bai kai 14 ba da laifi. Mutum ɗaya, a rana ɗaya, yana iya zama babba a wata takarda, yaro a wata.

Ana yawan cewa shekara 18 baƙuwar aba ce da aka shigo mana da ita daga waje. Wanda ya karanta babin hajru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa, a Mukhtasar na Shehu Halilu, littafin fiƙihun Malikiyya, ya san ba haka ba ne, domin 18 ɗin na nan a ciki. Bambancin shi ne matsayin da aka ba ta. A Malikiyya ana gane balaga da alamu: mafarki, haila, ciki, fitowar gashi. In babu ko ɗaya, to ranar da mutum ya cika 18 ya balaga ko da bai ga komai ba. Wato iyaka ce ta ƙarshe, ba mafari ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya a 15. Dokokin hukuncin laifi na Shari'a da aka yi bayan Zamfara ta buɗe hanya a 2000, har da na Sakkwato a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, sun rataya haddi a kan taklifi, wato balaga da hankali. Saboda haka ɗan shekara 15 da alamun balaga suka bayyana gare shi mukallafi ne a kundin Shari'a, yaro ne a dokar 2003. Wannan shi ne ainihin saɓanin, kuma zagin juna a rediyo ba zai warware shi ba. A ganina hanyar sasantawa tana cikin fiƙihun kansa. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ba ta ce a miƙa wa maraya dukiyarsa da zarar ya balaga ba, sai an jarraba shi an ga shiriya a tare da shi. Malamanmu sun daɗe da sanin cewa jiki kan riga hankali girma. Haddi kuma ana tunkuɗe shi da shubuha, wato kokwanto, ta'aziri kuwa, wato horon da ba a ƙayyade shi ba, a hannun hukuma yake, tana iya mayar da shi tarbiyya maimakon ɗauri.

Dalilin da ya sa dokar 2003 ba ta hau kan Sakkwato kai tsaye ba sananne ne. Sha'anin yara ba ya cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa majalisar tarayya, auren Musulunci da na gargajiya ma an cire su ƙarara daga ikonta. Dole kowace jiha ta yi tata. Tamu ta zo a ƙarshen 2021, lokacin da Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha, shekara 18 bayan ta tarayya. Batun shekarun aure ne ya riƙe yawancin jihohin Arewa, shi ne kuma ya tayar da ƙura a majalisar dattawa a 2013 kan sashe na 29 na tsarin mulki, wanda ya ɗauki matar aure a matsayin wadda ta kai shekarun girma wajen ajiye shaidar zama ɗan ƙasa. An yi ta musu a kan wannan har aka manta sauran abin da ke cikin dokar: hana sa yaro bara da talla mai cutarwa, hana tsare shi tare da manya, da wajabta yi masa rajistar haihuwa.

Wannan na ƙarshen ya fi yadda ake zato nauyi. Duk kariyar da doka ta ba yaro a kan shekaru ta tsaya, shekaru kuwa sai da hujja. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke ba da takardar. Amma yaron da ungozoma ta karɓa a ƙauyen Gudu ko Isa, aka kai shi karatun allo birni yana ɗan shekara 7, ina takardarsa? Uwarsa, in an samu ta zo, abin da za ta iya gaya wa alƙali shi ne, "Allah shi gafarta Malam, shekarar da ruwa ya ci gadar jami'a anka haihe shi." Wanda ya tuna ambaliyar 2010 zai iya yin lissafi, amma ba kowane fayil ne ake tsayawa a yi masa wannan lissafin ba. Masu bibiyar gidajen yari sun daɗe suna kukan cewa akan rubuta wa yaro shekara 18 ko 19 a takardar tuhuma don aiki ya yi sauƙi. Da an rubuta haka, kotun iyali ta fita daga maganar. A laifin kisa kuwa lambar nan ita ce tsakanin rai da mutuwa, domin dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai 18 ba a ranar da ya aikata laifin, ba ranar da aka yanke hukunci ba. Kotu na iya neman ra'ayin likita, amma likita ƙiyasi yake yi daga ƙashi da haƙora, ba ranar haihuwa yake karantowa ba.

Ƙasa duka ta ga yadda abin ke kasancewa ranar 1 ga Nuwamba 2024, da aka gurfanar da yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, ana tuhumarsu har da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka sa belin kowane naira miliyan 10. Bayan kwana uku Shugaba Tinubu ya ba da umurni a sake su. An yi murna, amma abin lura shi ne umurnin shugaban ƙasa ne ya fitar da su bayan hotuna sun karaɗe waya, ba dokar da aka yi dominsu ba. Ko alƙalin da ke son bin doka ma ina zai kai yaro? Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce kada a haɗa matasa masu laifi da manya, amma gidajen horon matasa na tarayya da aka daɗe da sani uku ne a ƙasar nan: Kaduna, Ilori da Abeokuta. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma suna da ikon gina gidajen gyaran hali nasu, don haka uzurin cewa aikin tarayya ne ya ragu.

Lamarin mai taɓin hankali ya fi wannan sarƙaƙiya, don shekaru ko ba komai lamba ce, hankali kuwa ba a ƙirga shi. Ma'aunin da kotuna ke bi ya samo asali daga Ingila a 1843, lokacin da wani Daniel M'Naghten ya harbe sakataren Firayim Minista Robert Peel a Landan yana zaton shi ne firayim ministan, kotu ta wanke shi saboda hauka, aka yi ca, har manyan alƙalai suka zauna suka tsara ƙa'ida. Ita ce ta biyo ta Indiya da Sudan ta sauka a sashe na 51 na finalkod: babu laifi ga wanda, a lokacin da ya yi aikin, taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. Kundin laifuka na Kudu ya fi faɗi, sashe na 28 nasa ya haɗa da wanda ciwon ya hana shi iya kame kansa ko da ya san abin da yake yi. Namu bai ambaci wannan ba. Mutumin da yake jin murya na umurtarsa, ya san kisa haramun ne amma ya kasa tsayawa, zai fi samun mafita a Ibadan fiye da Sakkwato.

Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an nuna akasin haka, kuma wanda ake tuhuma ne zai nuna. Ba a neman ya kore duk wani kokwanto, ya isa hujjarsa ta rinjaya. Amma kotunan Najeriya sun sha yanke cewa rashin dalilin kisa kaɗai ba ya nuna hauka, maganar mutum a kan kansa ba ta wadatarwa, cewa an yi masa sammu ko ya ɗauki wanda ya kashe maye ne ba kariya ba ce. Abin da suke dubawa shi ne tarihin ciwon, halinsa kafin abin ya faru da bayansa, shaidar dangi da maƙwabta da ma'aikatan gidan yari, ko akwai ciwon a zuriya, da rahoton likita. A nan al'adarmu ta ɓoye ciwo ke juyowa ta cuci wanda ake ɓoyewa. Gidan da suka yi shekaru suna cewa iska ce, ana kai shi wajen mai ruƙiyya da dare don kada a ƙi auren ƙannensa, ranar da ya yi aika-aika ba su da kati ko ɗaya na asibiti da za su nuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti, malamai na ƙwarai ma su ke cewa a haɗa biyun.

Fiƙihu da dokar zamani sun haɗu a kan cewa lokacin aikin ake dubawa, ba sunan ciwon ba. Mai haukan da ke zuwa ya tafi, abin da ya yi lokacin da yake garau yana kansa, cinikinsa ya yi, sakinsa ya auku. Sun kuma haɗu a kan wanda ya gusar da hankalinsa da kansa. Finalkod ba ya yafe wa mai maye sai wanda aka ba abin ba da saninsa ba ko aka tilasta masa. Malikiyya sun ɗora wa mashayi laifinsa da sakinsa, suka ƙi ɗora masa ciniki da iƙirari. Wahalar yau ita ce matashin da ya shekara yana shan wiwi da taramol da maganin tarin nan mai kodin da gwamnati ta haramta a 2018, har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ko ya daina sha bai dawo daidai ba. Wannan mai maye ne ko mara lafiya? Ba alƙali ne zai gane da ido ba, sai likitan ƙwaƙwalwa, ƙungiyar likitocin kuwa ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200.

Akwai kuma abin da iyalai ba su sani ba sai sun shiga ciki. Wankewa saboda taɓin hankali ba tana nufin a koma gida ba. Kotu kan ba da umurni a tsare mutumin a wuri amintacce, a kai rahoto ga hukuma ta yanke inda za a ajiye shi, kuma a tsohon tsari babu ranar fita sai yadda gwamna ya ga dama. Haka wanda aka ga ba zai iya fahimtar shari'arsa ba, ana dakatar da ita har ya samu sauƙi. In babu gado a asibiti, gidan yari ne wurin jiran. Shi ya sa lauya mai wayo ba ya tayar da wannan kariya a shari'ar satar akuya, inda ɗaurin 'yan watanni ya fi zaman da ba a san ƙarshensa ba.

Dokar da ta mulki wannan fage fiye da shekara ɗari ita ce ta mahaukata da Turawa suka yi a 1916, aka sabunta a 1958. Damuwarta a kawar da mutum daga idon jama'a da sa hannun likita da majistare, ba a yi masa magani ba. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi, ta hana nuna bambanci wajen aiki da muhalli, ta haramta ɗaure mara lafiya da mari, ta gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba. Tsarin mulki, a sashe na 35, ya yarda a tauye 'yancin mai taɓin hankali ko mai shaye-shaye, amma don jinya ko kare jama'a, kuma ta hanyar da doka ta tsara. Ba izini ba ne ga duk wanda ya gaji da ɗan'uwansa.

Samamen da 'yan sanda suka kai gidan mari na Rigasa a Kaduna a Satumban 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane har da ƙananan yara, wasu da sarƙa a ƙafa, da wanda ya biyo baya a Daura, sun nuna irin abin da ke faruwa in an bar dangi su kaɗai da matsalar. Ba na cikin masu ganin iyayen da suka kai 'ya'yansu can mugaye ne. Yawancinsu sun rasa inda za su nufa ne. Na dogon lokaci asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya uku ne kacal a duk Arewa: Kaduna, Maiduguri da namu na Kware, wanda har daga Kebbi da Zamfara ake kawo masa marasa lafiya. Sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na taimakawa, amma kuɗin mota daga Sabon Birni da kuɗin magani wata-wata ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Rufe gidan mari ba tare da buɗe wani abu a madadinsa ba yana mayar da sarƙar ne cikin ɗaki a bayan gida, inda babu ɗan jaridar da zai gani. Ba kuma sabon tunani ake buƙata ba. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya tare da wani nasu a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, suna zuwa karɓar magani da rana, duniya ta zo tana koyo.

Wani sashe da ya kamata a ce an daɗe da gyarawa shi ne na 231 a finalkod, mai ɗaure wanda ya yi yunƙurin kashe kansa har shekara guda. Haramcin aikin a addini ba a jayayya a kansa. Amma wanda ya sha fiya-fiya aka ceto shi, tsoron 'yan sanda kan sa danginsa su ɓoye shi maimakon su kai shi ga likita.

Duk wannan a kan wanda ake tuhuma ne, alhali yaro da mai taɓin hankali sun fi zama waɗanda aka zalunta. Finalkod ya ɗauki saduwa da yarinyar da ba ta kai 14 ba, ko mace mai taɓin hankali, fyaɗe ne ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Amma mata nawa muke gani a bakin tasha da kasuwa, ba sa cikin hankalinsu, ɗauke da ciki, ba wanda ya taɓa tambayar na wane ne? Ana zaton shaidarsu ba ta karɓuwa, wannan kuwa kuskure ne. Dokar shaida ta 2011 ta yarda mai taɓin hankali ya ba da shaida muddin yana gane tambaya yana ba da amsa mai ma'ana. Yaron da bai kai 14 ba yana bayarwa ba tare da rantsuwa ba, sai dai ba a ɗaure mutum da ita kaɗai sai an samu wata hujja ta ƙarfafa ta. Malikiyya ma sun keɓanta da karɓar shaidar yara a junansu kan rauni da kisa, muddin ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ya sa musu magana a baki ba.

Inda aka fi cin amanar waɗannan bayin Allah kuwa ba a ofishin 'yan sanda ba ne, a rabon gado ne. Tsarin mulkin 1999, sashe na 277, ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan al'amarin ƙaramin yaro, almubazzari, da mai taɓin hankali Musulmi, da batun riƙonsu da ciyar da su. To wa ke da ikon taɓa dukiyarsu? A Malikiyya jerin gajere ne: uba, sai wasiyyin da uba ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Kaka, baffa da babban wa ba sa ciki don kawai kusancinsu, sai an yi musu wasiyya ko alƙali ya naɗa su. Ko wasiyyin ma ba ya sayar da gida ko gonar maraya sai da dalili karɓaɓɓe, kamar ciyar da shi ko biyan bashin da ke kan dukiyar.

A kwatanta wannan da abin da aka saba. Mutum ya rasu ya bar gida a Mabera da gonar fadama da 'ya'ya ƙanana. Bayan sadakar arba'in ƙanensa ya ce shi zai riƙe, ba wanda ya musa, don kunya ko don shi ke ciyar da su. Ba a rubuta abin da aka bari ba, ba a kafa shaidu ba. Bayan shekara goma yaran sun girma, an ce musu gonar ta tafi a makarantarsu da auren yayarsu. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila ba gaskiya ba ne, ba mai iya tantancewa. Ayar da ta yi umurni a miƙa wa maraya dukiyarsa ita ce ta ce a kafa shaidu lokacin miƙawa, kuma baffa mai gaskiya shi ya fi kowa amfana da rubutun, don shi ne zai wanke shi daga zargin 'ya'yan ɗan'uwansa. Ba banza ba Shehu Halilu ya jera ayyukan da sabon alƙali zai fara da su ranar da ya hau kujera: ya duba waɗanda ke tsare, sannan ya duba wasiyyai da dukiyar yara. Ba ya jiran a kawo ƙara, don maraya ɗan shekara 6 ba ya kai ƙara.

A aure ma an yi tanadi. Sakin wanda ba ya cikin hankalinsa ba ya aukuwa. Matar da mijinta ya kamu da ciwon bayan aure, yana cutar da ita, tana iya zuwa gaban alƙali, a ba shi wa'adin shekara guda na magani, in bai warke ba ta zaɓi zama ko rabuwa. Riƙon 'ya'ya na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, amma hankali sharaɗi ne ga mai riƙo, kuma da wannan ne wasu mazan ke fakewa su ƙwace jariri daga matar da ta samu rikicewa bayan haihuwa, ciwon da sau da yawa magani ke warkarwa.

Hana mai taɓin hankali sarrafa dukiyarsa ba hukunci ne na har abada ba. Wanda da ma baligi ne mai shiriya kafin ciwo ya same shi, ikonsa na dawo masa da zarar hankalinsa ya dawo. A aikace dangi kan ci gaba da riƙe shagon da makullin gidan, suna cewa ai ba a san ranar da zai tashi ba, ko da mutumin ya yi shekaru yana shan maganinsa yana harkarsa lafiya lau. In sun ƙi saki, kotun Shari'a ta yankinsa zai nufa, daga nan yana iya ɗaukaka ƙara, kuma abin da zai fi tsaya masa a gaban alƙali shi ne fayil ɗinsa na asibiti da shaidar waɗanda suke hulɗa da shi a kasuwa.